PubMed ya min rana wajen neman aikin Ronald Evans

Gaskiya PubMed, shafin intanet na neman takardun binciken likitanci da kimiyyar halitta, ya burge ni. Na shiga neman binciken Ronald Evans na cibiyar Salk a Amurka, wanda a 1985 tawagarsa ta gano tsarin makarɓin homon ɗin gulukokotikoyid na ɗan Adam, wato furotin ɗin da homon ke maƙalewa jikinsa a cikin sel, daga nan ya wuce kan DNA ya kunna ko ya kashe ƙwayoyin gado. Ina rubuta Evans RM kawai takardu suka zubo, kuma kyauta wallahi, har da jerin waɗanda suka ambaci aikinsa, a nan zaka ga tasirin mutumin sosai. Shi da wasu masana kimiyya biyu, Chambon da Jensen, aka ba lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci a 2004. Wasu takardun dai taƙaitawarsu zaka samu, cikakken rubutun na wajen mujallar.