Janareto ko inbata, ga gidan da mutum uku ke aiki a ciki?

Hajiya, kin ce tun da aka rufe Abuja saboda cutar korona ranar 30 ga Maris 2020 ke da Alhaji da ƙanwarki duk daga gida kuke aiki a Kubwa, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa. Kina tambaya: janareto za ku saya ko inbata (na'urar da ke mayar da wutar da batir ya tara ta zama wutar gida) da batir?

Janareto ya fi sauƙin kuɗi ranar saye, a watan Maris na 2020 ma an sauke litar fetur daga naira 145 zuwa 125. In mai ɗan girma ne, zai ja firij da dutsen guga har da injin tura ruwa. Sai dai ƙara. Alhaji na taro a Zoom, ana ta ce masa "ba ma jin ka", shi kuma yana toshe kunne ɗaya da yatsa. Sannan kafin a fita a ja igiya, na'urar Wi-Fi ta riga ta mutu, taron ya yanke. Ga jigilar jarka zuwa gidan mai, a lokacin kullen 2020 ma ko'ina shingen jami'an tsaro ne. Kuma don Allah kada tsoron ɓarayi ya sa a kunna shi a kicin ko a baranda: gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutane a cikin barci.

Inbata kuwa shiru yake, in an ɗauke wuta kafin ƙiftawar ido ya karɓa. Ga lissafin. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da abin da zai ba da wat 2,400 na awa ɗaya, amma rabi kawai ake so a sha in ana son ya daɗe. Laftof uku, kowacce wat 60 ko ƙasa da haka, da Wi-Fi da fanka ɗaya (a zafin Afrilu ba a maganar zama babu fanka) sun kai wajen wat 250. Kin ga kenan awa huɗu da ɗoriya. Batir biyu zai kai ku kusan tashi daga aiki, muddin ba wanda ya jona dutsen guga.

Inda ya gaza: da wutar yake cika cikinsa. In layinku na yin kwana biyu babu ita, to sai an ƙara farantan sola, nan kuma kuɗin ke tashi.

Ni dai in kuna samun wuta da dare ko da ta awa bakwai zuwa takwas ce, inbata zan zaɓa, tunda aikinku na taro ne da kira. Guga da tura ruwa a bari sai an kawo wuta. Kafin ku kira mai haɗawa, ku yi mako guda kuna rubuta lokacin da ake kawowa da lokacin da ake ɗaukewa, ku nuna masa ya auna muku yawan batirin.