Sharhi kan aikin wani kamfanin maganin gara

Abin da ya bambanta wannan kamfani da masu feshin da aka saba gani shi ne ma'aikatansa sun fara da bincike kafin su buɗe galan ɗin magani. Jagoransu ya bi gindin bango da tocila, yana ƙwanƙwasa katakon ƙofofi da na kabad da bayan sukudireba, duk inda ya ji alamar cikin katakon holoƙo ne sai ya shata da alli. A bayan kabad ɗin littattafai ya nuna mini wata siririyar hanyar laka mai kaurin fensir da ta taso daga ƙasa ta nufi rufi, kuma da ya ɓantare ta sai ga fararen ƙwari suna kai da kawowa.

Bayanin da ya yi ya gamsar da ni. Garar da ke zaune ƙarƙashin ƙasa ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina irin wannan rufaffiyar hanya domin ta kai ga katako da takarda da kwali, waɗanda ƙananan halittun da ke cikin hanjinta suke taimaka mata ta narkar. Tana cin katako ne daga ciki, ta bar fenti da ɗan ɓawo a waje, don haka mai gida kan daɗe bai farga ba. Kashe waɗanda ido ya gani ba ya magance komai muddin sarauniyar tana can ƙasa, alhali a wasu nau'o'in takan yi dubban ƙwai a rana guda.

Saboda haka ƙasar da ke kewaye da ginin suka yi wa magani. Sun haƙa ɗan rami a gefen harsashi, sun huda daɓen siminti a tazarar kusan santimita 30, sannan suka ɗura maganin da ke ɗauke da sinadarin fipronil. Wannan sinadari ba ya korar gara, sai ta ratsa cikinsa ba tare da ta gane ba, ta kwashe shi a jikinta ta shafa wa sauran. Aikinsa na ɗaukar makonni, kuma sun faɗi haka tun farko, abin da na ɗauka a matsayin riƙon gaskiya. Bayan wannan lokaci sabuwar laka ba ta sake fitowa ba.

Sai dai akwai inda suka gaza. Toshe hudojin da suka yi ba shi da kyan gani, kuma sai da na tambaya kafin suka ambaci cewa fipronil na da haɗari ga kifi da ƙudan zuma, batun da ya kamata su fara da shi ga duk mai lambu ko rijiya. Takardar garantinsu ma ta taƙaita ne ga sake zuba magani idan gara ta dawo, ba ta haɗa da gyaran katakon da ya lalace ba, kuma ta gindaya sharaɗin a gyara duk bututun ruwan da ke yoyo, a kuma kwashe itacen da ke jingine da bango.