Likitan dabbobin da ya duba min karyata da ta ƙi barbara: abin da na gani

Masu kiwon karnuka a nan Maradi, na gadi ne ko na farauta, ga sharhina kan wani likitan dabbobi mai zaman kanshi da ke bin gida-gida, wanda ya yi min aiki a kan karyata. Ba zan sa sunanshi ba don bai ce in yi mai talla ba, aikin nashi nake son mu duba.

Karyar irin ta Azawak ce, masu dogayen ƙafafun nan da siririn ciki, daga wajen Dakwaro aka kawo min ita tana 'yar kwikwiya, yanzu ta haura shekara biyu. Da ta fara jini gabanta ya kumbura, karnukan unguwa suka fara kwana a ƙofar gida, sai na kai ta wurin wani mai namiji. Namijin na matsowa sai ta zamna daɓas a ƙasa ta matse wutsiya, ya sake zagayowa ta yage baki ta kai mai cizo a wuya. Mai karen ya ce ai iskanci ne kawai, a ɗaure mata baki yara biyu su riƙe ta, wani kuma da ke wurin ya ce akwai allura a kasuwa da ake yi ma awaki, a yi mata nan take za ta tsaya. Wallahi raina bai kwanta da ko ɗaya ba, dabbar da take gadin gidana tana kwana a farke saboda iyalina ba zan bari a danne ta haka ba. Na ja abata muka koma gida na kira likitan.

Abin da ya fara burge ni, bai taɓa jakar allurarshi ba. Tambayoyi ya yi ta yi, yaushe na fara ganin jinin, wane launi ne yanzu, ta taɓa haihuwa, an yi mata rigakafin haukan kare, a gidan wa aka haɗa su. Sannan ya durƙusa ya sa hannu ya shafa bayanta daidai gindin wutsiya, ta ƙara matse ta. Ya ce “Malam, wannan lokacinta bai yi ba, ran da ta shirya in ka shafa nan da kanta za ta kauda wutsiyar gefe ta tsaya ƙyam.”

Bayanin da ya yi min shi ne ya fi min kuɗin da na biya. Ashe lokacin karya hawa biyu ne. Na farko shi ne na jinin ja da kumburi, warinta na jan maza amma ita ba ta yarda, wannan kan ɗauki kamar kwana 9 amma ba ƙa'ida ba ce, wata kwana kaɗan ne wata sai ta haura mako 2. Bayan shi ne jinin ke dushewa ya koma ruwa-ruwa fari-fari, kumburin ya yi laushi, to nan ne take karɓar namiji, shi ma kamar kwana 9. Yawancinmu da mun ga jini sai mu ruga neman namiji, shi ya sa ake ta rigima da karya ana cewa ta ƙi. Kuma ya ja min kunne cewa yawancin karnuka sau biyu suke zuwa a shekara amma irin na Azawak da yawa sau ɗaya ne, in ya wuce ka sai baɗi.

Ya sa safar hannu ya duba cikin gabanta ko akwai matsewa ko ƙari, don ya ce wata ciwo ne ke hana ta tsayawa, irin wannan in aka tilasta ta sai a yaga ta. Tawa lafiya lau. Ya ɗebi ruwan gabanta da auduga ya shafa a ɗan gilashi ya tafi da shi ya duba a madubin likita, da haka yake gane ko ta kusa. Gwajin jini da ke nuna ranar daidai, wanda ake auna sinadarin furojestaron, ya faɗa min gaskiya ba shi da na'urar, bai yi min cika baki ba.

Sai kuma ya ce a kai shi ya ga namijin. Nan ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Da ya ja fatar gaban karen baya, ga wani tsiro nan ja jawur kamar ɗanyen nama, yana taɓawa sai jini. Ya ce wannan ƙari ne da karnuka ke ɗauka wurin barbara, ya yi yawa ga karnukan da ake saki suna yawo, yana warkewa da allurar vincristine ta jijiya mako-mako amma kafin nan duk karyar da ya hau yana iya sa mata. Shi kanshi mai karen bai sani ba, yana ganin ɗigon jini yana zaton faɗa ya yi. Ku duba fa, da an riƙe ta ranar nan da tuni ta kwasa.

Muka samu wani namijin wajen Tibiri, likita ya duba shi. Ya ce a kai mace gidan namiji kar a kawo shi nata, don a gidanta tana jin ita ce mai wuri, a je da sanyin safiya ko bayan la'asar, a kori yara masu kallo da ihu a bar su su shinshini juna. Ran da ta kauda wutsiya muka tafi, babu igiya babu mai riƙo, wasa suka ɗan yi ta tsaya. Suka sarƙe kusan rabin awa, ya riga ya gargaɗe ni kar a watsa masu ruwa ko a ja su kamar yadda yaran unguwa ke yi, ana ji masu ciwo ne, da kansu suke rabuwa. Aka maimaita bayan kwana 2. Cikin kare kamar kwana 63 ne, ta kuwa haihu lafiya, 'ya'yan har sun buɗe ido.

Inda ban ji daɗi ba, samun shi a waya aiki ne, sai ka yi ta kira, ranar kasuwar dabbobi kuwa kar ma ka wahalar da kanka, yana can wurin shanu da tumaki. Kuma ga wannan harka kwana ɗaya ma asara ne. Kuɗin zuwa gida daban, na gilashin daban, ga man babur, bai faɗa min jimla tun farko ba sai da aka gama, ya kamata ya gyara wannan. Ku tambaye shi duka kuɗin kafin ya taso, ku kuma tanadi katin rigakafin karen a hannu, in ba a yi ma kare allurar hauka ba ba ya yarda ya kai hannu kusa da bakinshi sai an ɗaure.