Kiɗan Kirsimeti ya cika mana kunne a Birmingham

Yaya, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya, a gaida Hajiya da yara. Ka tambaye ni yadda kasuwa take a nan Ingila ƙarshen shekara.

Wajen kaya dai ba a magana. Farashi a rubuce yake jikin komai, babu ciniki, kuma in ka sayi riga ba ta yi maka ba, ka mayar da ita da rasit su ba ka kuɗinka. Wuta ba ta ɗaukewa, ba ƙarar janareta. Abin da ya dame ni shi ne kiɗa. Tun da Nuwamba ya kama, duk inda ka sa ƙafa waƙar Kirsimeti ce, a kantunan Bullring, a gidan abinci, a shagon magani, har banɗaki akwai lasifika a silin. Waƙoƙin kuma ba su da yawa, su ɗin dai ake ta juyawa, kowace da ƙarar ƙararrawa a cikinta. Rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, ka shigo daga duhu da sanyi kana neman inda za ka huta, sai kiɗa ya tare ka.

Kada ka ɗauka zancen addini ne. Abokin aikina ɗan Jos, Kirista ne, yana cikin mawaƙan cocinsu, amma ya fi ni ƙorafi. Ya ce yawancinsu ba waƙar ibada ba ce, ta dusar ƙanƙara ce da kyaututtuka, don a sa mutane sayayya. Ranar Juma'a muka shiga wani gidan abinci ni da shi, yana ba ni labarin mahaifiyarsa da ke kwance asibiti, sai na sunkuyo kafin in ji shi. Na roƙi yarinyar da ta kawo mana abinci ta rage mana. Ta ba mu haƙuri, ta ce daga hedikwata ake sako kiɗan, ba ta da ikon taɓawa. Ta ce ita tun safe take jin sa, ko ta kwanta yana mata yawo a kai. Wallahi ta ba ni tausayi, don mu awa ɗaya muka yi muka fita.

Nan na tuna mai shayinmu na Fagge. Kano ma akwai hayaniya, ga masu tallan magani da lasifika, ga 'yan adaidaita, amma in ka ce "Malam, rage mana rediyon nan", hannu kawai zai miƙa. In an kira salla kuwa da kansa zai kashe.

Akwai masu lura dai. Tun 2018 kantin Morrisons ya ware ƙarfe 9 zuwa 10 na safiyar Asabar, ana kashe kiɗa a rage fitilu saboda masu lalurar da ba sa jure hayaniya, ni ma lokacin nake cefane yanzu. Abinci kuma na koma Coventry Road, wajen Somaliyawa da Yamalawa, inda za ka ji muryar wanda ke gabanka.

Ranar 25 ga Disamba doka ta hana manyan kantuna buɗewa, jiragen ƙasa ma ba sa aiki, gari yakan yi tsit. A ranar zan kira ku mu yi doguwar hira in Allah ya yarda, ka sa Hajiya ta zauna kusa da waya.