Wane littafi ya kamata ka fara saya a kan tatsuniyoyin Hittiyawa?

Masu neman abin karantawa a kan Hittiyawa, mutanen dā da suka kafa daula a inda Turkiyya take a yau, ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Wani mai zane ne, ya ga hoton allolin da aka sassaƙa a jikin dutse a Turkiyya, hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Wata labarin zane na Japan ne ya ja ta. Akwai wanda ya ci karo da sunansu a Attaura yana son sanin ko su wane ne, akwai kuma wanda ya ji an ce a tatsuniyoyinsu iyakar da ke tsakanin namiji da mace ba ta da kauri sosai. Dukkansu damuwarsu ɗaya: littattafan daga waje ake yo odarsu, kuɗin aikowa kan kai na littafin, ba kuma wanda yake son ya zuba kuɗinsa a abin da zai ajiye bayan shafi goma.

Shawarata ita ce a fara da nassin kansa, wato Hittite Myths na Harry Hoffner. Siriri ne, bai wuce shafi ɗari da 'yan kai ba. An fara buga shi a 1990, aka sake shi da gyara da ƙari a 1998, kuma na 1998 ɗin za ka nema, domin a cikinsa ne aka shigar da Waƙar 'Yantarwa, wadda aka tono allunanta a shekarun 1980. Idan na hannu za ka saya, sa mai sayarwa ya turo maka hoton shafin da shekarar bugu take kafin ka biya.

Abin da ya sa na fifita shi shi ne, yana ba ka labarin yadda marubutan Hattusa, babban birnin Hittiyawa, suka bar shi a allunan yumɓu, ba yadda wani ya gyara shi don ya yi daɗin ji ba. Ka ɗauki ɓatan Telipinu, ubangijin noma. Ya fusata, cikin gaggawa ya sa takalmin dama a ƙafar hagu, ya fice. Hazo ya rufe tagogi, hayaƙi ya cika gida, itace ya ƙi ci a murhu, tunkiya ta ƙi ɗanta, saniya ta ƙi ɗan maraƙinta, alloli suka ci ba su ƙoshi ba. Aka aiki gaggafa ta duba duwatsu da kwaruruwa, ta dawo hannu rabbana. Sai uwar alloli Hannahanna ta aiki kudan zuma, shi ne ya same shi yana barci, ya harbe shi a hannu da ƙafa. Daga baya aka kwashe fushinsa aka tura shi cikin manyan tukwanen tagulla na ƙarƙashin ƙasa masu murfin darma, waɗanda abin da ya shiga ba ya fitowa. Mai zane zai iya yin wata guda yana aiki da wannan labari kaɗai. A littafin akwai kuma macijin nan Illuyanka a ruwayoyi biyu: a ta farko an cika masa ciki da abinci da giya har ya kasa komawa raminsa, wani ɗan Adam mai suna Hupasiya ya ɗaure shi da igiya, a ta biyu macijin ya ƙwace zuciya da idanun ubangijin hadari, sai da ɗan ubangijin ya auri 'yar macijin sannan ya karɓo wa ubansa su. Ga kuma Ullikummi, ƙaton dutsen da aka dasa a kafaɗar Upelluri mai ɗauke da sama da ƙasa, yana ta girma har ya tokari sama, ba ya gani ba ya ji, sai da aka ɗauko tsohuwar wuƙar da aka raba sama da ƙasa da ita aka sare shi daga tushe.

Sai dai ka san abin da za ka tarar. Allunan sun farfashe, saboda haka labari yakan yanke ana tsakiyar daɗi, ka ga ɗige-ɗige inda layuka suka ɓace. Wasu labaran ba farko, wasu ba ƙarshe. Ba kuma littafin hotuna ba ne. Wanda yake son labari mai tafiya sumul zai ji haushi. Ni kuwa a ganina wannan giɓin alheri ne ga mai ƙirƙira, don ya san daidai inda maganar mutanen dā ta tsaya da inda tasa ta fara.

Na biyu a lissafina littafin hotuna ne, musamman ga mai zane, saboda kuskuren da aka fi yi shi ne a zana allolin Hittiyawa da tufafin Girkawa ko na Masarawa. Suna da nasu fasalin: maza da doguwar hula mai tsini wadda aka jera wa ƙahoni, gajeren bante, da takalmi mai lanƙwasasshen baki, mata da hula mai tsawo kamar ganga da dogon siket mai ninki, sarki da hula zagayayya da sanda mai lanƙwasa a ƙasa. A nan zaɓi biyu ne. The Art of the Hittites na Ekrem Akurgal, mai hotunan Max Hirmer, ya fito da Turanci a 1962. Hotunansa na da kyau ƙwarai, amma na hannu kawai ake samu, yana da nauyi, bayaninsa kuma ya tsufa a wurare. Gods Carved in Stone na Jürgen Seeher, wanda ya taɓa jagorantar tonon Hattusa, ya fito a 2011, kuma a kan wuri ɗaya ya tsaya: Yazilikaya, wurin bautar da ke tsakanin duwatsu kusa da babban birnin, inda aka jera alloli fiye da sittin, maza ta hagu mata ta dama, suka haɗu a tsakiya. Teshub, ubangijin hadari, na tsaye a wuyan allolin duwatsu biyu, matarsa Hebat a kan gadon bayan damisa. A ɗaya sashen ga alloli goma sha biyu a jere da takubba, ga ɗansu Sharruma ya rungumo sarki Tudhaliya na huɗu ƙarƙashin hammatarsa. Idan ɗaya za ka iya saya kuma alloli za ka zana, ɗauki na Seeher. Idan aljihu ya ƙi gaba ɗaya, gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya buɗe hotunan kayansa na dā kyauta tun 2017, a ciki har da ƙoƙon azurfa mai siffar barewa da 'yar ƙaramar gunkiyar zinare da yaro a cinyarta.

Littattafan tarihi kuwa, sunan Trevor Bryce ne za ka fi gani, kuma nan ne mutane ke saye ba daidai ba. The Kingdom of the Hittites, bugun 2005, ya haura shafi 500, labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da yarjejeniyoyi: Suppiluliuma da ɗansa Zannanza wanda ya mutu a hanyar zuwa auren sarauniyar Masar, yaƙin Kadesh wajen 1274 kafin haihuwar Annabi Isa, sulhun Hattusili na uku da Fir'auna Ramses na biyu bayan kimanin shekara goma sha biyar, har rushewar daular wajen 1180. Littafi ne na dubawa, ba na farawa ba. Mai rubuta labari ko zana rayuwar yau da kullum ya fi buƙatar Life and Society in the Hittite World na 2002, wanda ya bi mutane ɗaya-ɗaya: manomi, ɗan kasuwa, magatakarda, mayaƙi, mai magani, aure, biki, jana'iza.

Wanda ya zo ta ƙofar Attaura, ko Bayahude ne mai bin sawun tarihin al'ummarsa ko mai nazarin addinai, nasa daban ne: The Hittites and Their World na Billie Jean Collins, 2007, wanda ya ware babi guda ga Hittiyawan da ke cikin Littafi Mai Tsarki. Abin na buƙatar taka-tsantsan. A sura ta 23 ta Littafin Farawa, Annabi Ibrahim ya sayi kogon Makfela a hannun Efron Bahitte kan shekel 400 na azurfa don binne Saratu. Ga Uriya Bahitte a labarin Dauda. Ga Ezekiyel yana ce wa Urushalima mahaifiyarta Bahittiya ce. Amma tsakanin waɗannan da daular Hattusa akwai nisan ƙasa da na zamani, kuma masana da yawa na ganin sunan ya iso ne ta ƙananan masarautun arewacin Siriya da suka ci gaba da amsa shi bayan daular ta faɗi. Collins ta shimfiɗa hujjojin ba tare da tilasta amsa ba. Irin wannan mai karatu zai kuma amfana da Hittite Prayers na Itamar Singer, malamin Jami'ar Tel Aviv da ya rasu a 2012. A ciki akwai addu'o'in Mursili na biyu kan annobar da ta shekara ashirin tana cin ƙasarsa, inda yake amsa laifin mahaifinsa yana roƙon sassauci. Duk wanda ya saba da Zabura zai ji muryar ba baƙuwa ba ce. Yana da kyau a san cewa Hans Gustav Güterbock, wanda ya harhaɗa guntayen labarin Kumarbi, uban alloli, da na Ullikummi, asalin Yahudawa da ke danginsa ne ya rufe masa ƙofar aiki a Jamus ta zamanin Nazi, ya tafi koyarwa Ankara, daga baya ya koma Chicago.

Masu neman abin da ya shafi jinsi, ciki har da masu sha'awar jinsinsu da ke neman madubi a labaran dā, ba sai sun sayi wani littafi na musamman ba, amma su karanta da idon basira. Abin da ke nassi yana nan: Kumarbi ya ciji gaban Anu, ubangijin sama, ya haɗiye, ya ɗauki cikin ubangijin hadari, har wata waƙar yabo ta Hurriyawa, maƙwabtan Hittiyawa, ta kira shi mahaifiyar Teshub. Shaushka, allahiyar soyayya da yaƙi, an sassaƙa ta a sahun maza a Yazilikaya. Dokokin Hittiyawa, masu sassa kusan 200, sun yi dogon bayani kan haramtattun saduwa, sun hana uba kusantar ɗansa, amma ba su kafa wata doka ta gaba ɗaya kan namiji da namiji ba. Shirun doka bai isa hujjar yarda ba, bai kuma isa ta hani ba. Duk littafi ko shagon intanet da ya sayar maka da Hittiyawa a matsayin masu ra'ayin zamaninmu, ko ta wane ɓangare, ya ƙara gishiri.

Sai Red River, labarin zane na Chie Shinohara, wanda ya jawo wa Hittiyawa masoya masu ɗimbin yawa a wajen jami'o'i. An buga shi a Japan daga 1995 zuwa 2002, juzu'i 28, kamfanin Viz ya fassara shi zuwa Turanci. Wata yarinya 'yar Japan ce aka jefa zamanin yarima Kail, wato Mursili na biyu. Mutanen tarihi na gaske suna ciki, amma labarin soyayya ne da makircin fada, tatsuniyoyin alloli kaɗan ne a cikinsa, kuma akwai wuraren da ba su dace da yara ba. Sayi juzu'i na farko ka gwada kafin ka ɗaura wa kanka ashirin da takwas, kada ka sayi tukunya ba ka ƙwanƙwasa ba. Kada kuma ka kwafi tufafinsa a matsayin shaidar tarihi.

A ɓangaren kayan ado da ake tallatawa da sunan Hittiyawa, wanda ya fi yawa shi ne faifan rana na tagulla, wani lokaci da barewa a tsakiya. Yana da kyau, akwai ma babban mutum-mutuminsa a dandalin Sihhiye na Ankara tun 1978. Amma na asalin an tono su ne a kaburburan Alaca Höyük, sun girmi daular Hittiyawa da ɗaruruwan shekaru, ana danganta su da mutanen Hatti da suka riga su zama a ƙasar. Idan na zamanin daular kake so, nemi gaggafa mai kai biyu, ko zakin ƙofar Hattusa, ko kwafin hatimin sarki. Duk wanda kuma ya ce zai sayar maka da allo ko hatimi na ainihi, rabu da shi: ko jabu ne, ko na sata, domin dokar Turkiyya ta 1983 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar. Idan kuwa mai zane za ka biya ya yi maka aiki, tambaye shi wane sassaƙe ko wane labari ya dogara da shi, ka kuma yi yarjejeniya da shi tun farko a kan ko kana da izinin buga zanen a riga ko bangon littafi, don kuɗin zanen rataye a ɗaki daban yake da na kasuwanci.