Allurar Sayana Press: shekara guda da rabi ina kanta

Ƴan'uwana mata, da nake kan ƙwayar tazarar haihuwa kusan kullum sai na manta, musamman lokacin damina da aikin gona ke cinye yini. Bayan na haifi na huɗu, ungozomar likitarmu, a wani ƙauye kusa da Mirya, ta ce in gwada Sayana Press, allurar wata 3.

Wallahi na zaci irin babbar allurar nan ce ta ɗuwawu. Ashe ƴar mitsitsiya ce, maganin na cikin wata ƴar roba da ake matsawa da yatsa biyu. Sau biyu ta yi mini, a karo na uku ta ce, "Malama, yau ke za ki yi da hannunki." Hannuna na rawa na girgiza ta, na danna murfin, na tsunkuli fatar cinyata na soka. Ko cizon cinnaka ya fi ta zafi. Ta ba ni guda biyu na kai gida na ɓoye cikin kwalla. Ranar allurata ta faɗo a watan Agusta, kwari ya cika, ko ɗan kabu-kabu ba ya ƙetarewa. Na rufe ɗaki na yi abina, maigida kaɗai ya sani. Ranar nan har addu'a na yi wa matar.

Amma fa ba wanda ya gaya mini jini zai rikice. Watannin farko ɗigo yau, ɗigo jibi, har cikin azumi, na rasa ranar tsarki, sai da na tambayi malama a islamiyya. Daga baya al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, na kwana uku ina tsoron ciki ne. Kuma a bakin wata maƙwabciya na ji cewa in an daina, ciki kan yi jinkiri har kusan shekara. Wannan ai tun ranar farko ya kamata a faɗa wa mace!

Sannan watan jiya na biya jaka biyu na babur, na yi layi har azahar, aka ce allurar ta ƙare, sai ƙwaya. An ce kyauta ce, to kuɗin hanya wa zai mayar mini? Ni mai albashi ke nan, balle wadda sai ta sayar da tiyar gyaɗa.

Allurar dai ina son ta. Ranar Lahadi in na je kasuwar Mirya zan sake leƙawa.