Garejin Agege da ya gano abin da ke sa kulocina zamewa

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, otomatik na saye ta. Da giyarta ta mutu karo na biyu sai na yanke shawarar mayar da ita manuwal, domin duk Sallah nakan tafi gida Kano, kuma manuwal ko a ƙauye ta tsaya za a samu mai taɓa ta, ko a tura ta tashi. Na shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin a Legas na haɗo kaya tokumbo: giyabos mai giya biyar, fedal, fulawil, kulocin sama da na ƙasa (na sama yana haɗe da fedal, shi ke tura mai zuwa na ƙasa da ke jikin giyabos). Faranti da filet da boris kuwa, wato kayan cikin kuloci, sababbi na saya. Wani makanike ya ɗaura, na biya shi, na tafi.

Da safe motar lafiya lau. Amma in na shiga gosulon Ikorodu Road na yi awa guda ina taka kuloci ina saki, da hanya ta buɗe na sa giya huɗu na ba ta wuta, sai inji ya yi ta ihu, allurar inji ta hau, mota kuwa tana jan jiki, ga warin ƙauri yana shigowa ta taga. Ranar da ta yi mini haka a kan gadar Third Mainland da iyalina a ciki, hankalina ya tashi ƙwarai. Na koma wurin wanda ya yi aikin, ya ce filet ɗin jabu ne, a sake sauke giyabos. Wani kuma ya ce iska ce ta shiga layin man kuloci, ya yi bilidin, wato fitar da iskar, har sau biyu, ba abin da ya canza.

Wani direba da muke sallah tare ya kai ni wannan gareji a Agege, ba nisa da layin dogo. Ogan wurin dattijo ne, haifaffen unguwar, yana Hausa yana Yarbanci. Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɗauki sifana ba sai da ya gama tambayoyinsa.

"Alhaji, da sanyin safiya tana yi?"

"A'a, Oga, sai ta yi zafi."

"In ta kwana ta huce sai ta dawo daidai?"

"Ƙwarai."

Ya ce filet ɗin da ya cinye ba ya warkewa da dare, safe da yamma zamewa zai yi. Maganar iska kuma ya ture ta gefe: iska in ta shiga layi fedal ne ke yin laushi, giya ta ƙi shiga, ba ta hana kuloci kamawa. Ya leƙa ƙasan giyabos ko akwai ɗigon baƙin mai daga sil na bayan inji da zai jiƙa filet, ya ga wurin a bushe. Daga nan ya karɓi makulli muka fita, muka yi ta zagaye cikin cunkoso wajen minti arba'in har motar ta fara halinta. Nan take ya faka, ya buɗe bonet, ya sa hannu ya danna sandar kulocin ƙasa don ta koma ciki, ta ƙi motsi. Ya kwance ɗan notin bilidin kaɗan, sai ga mai ya yi tsartuwa da ƙarfi, alhali babu mai taka fedal. Ya ɗaure, muka hau hanya, mota ta kama kamar ba ita ba.

A nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma wannan bayanin ne ya sa nake rubuta wannan. A cikin kulocin sama akwai wani ɗan rami ƙarami da ke haɗa shi da kofin mai. In ka ɗaga ƙafa, fistin ya koma baya gaba ɗaya, ramin ya buɗe, man da ya rage a layi ya koma kofi. Wanda ya ɗaura mini fedal ya ware sandar da ke tsakanin fedal da kulocin sama ta yi tsawo, saboda yana so giya ta riƙa shiga da sauƙi, sai fistin ya daina komawa ƙarshe, ramin ya zauna a toshe. Man birkin da ake zuba wa kuloci in ya ji zafin inji yana kumbura, ga shi ba hanyar komawa, sai ya tura kulocin ƙasa, shi kuma ya danne faranti har ya daina matse filet sosai. Wato motar tana tafiya kamar na ɗora ƙafa a kan kuloci ban ɗauke ba. Ya sa ni na taɓa fedal da yatsa, na ji shi a tsaye ƙyam, babu wasa ko kaɗan. Ya ce a irin wannan Corolla ya kamata fedal ya yi wasan milimita 5 zuwa 15 kafin ka ji nauyi.

Gyaran bai ɗauki rabin awa ba. Yaronsa ya shiga ƙarƙashin sitiyari ya sassauta noti, ya rage tsawon sandar, Oga yana aunawa da rula. Ya kuma ce a canza tiyon roba da ya zo da giyabos ɗin, domin tsohon tiyo kan kumbura ta ciki ya bar mai ya tafi ya hana shi dawowa, alamarsa iri ɗaya ce da wannan. Aka zuba sabon mai DOT 3 aka yi bilidin. Duk abin da na kashe bai kai kuɗin cika tanki ba.

Bai ɓoye mini ba cewa makonni uku da na yi ina jan ta tana zamewa sun rage wa filet kwana, ko da yake bai ga dalilin sauke giya yanzu ba. Ya kuma nuna mini cewa an haɗe wayar sitata kai tsaye, motar za ta iya tashi tana cikin giya ba tare da an taka kuloci ba. Da yara a gida wannan ya dame ni, na ce a gyara a ranar.

Wurin yana da nasa matsalolin. Fili ne matsattse, in an yi ruwa taɓo har idon sawu, babu wurin zama sai benci ɗaya a ƙarƙashin rumfa. Na je da ƙarfe tara, ba a taɓa motata ba sai bayan azahar, domin Oga ba ya barin yara su yanke hukunci a kan mota sai ya gani da idonsa. Ba ya ɗaga waya in yana aiki, rasit ma sai da na roƙa aka rubuta mini. Mai sauri ba zai ji daɗin wurin ba.

Wata biyu ke nan ina bin Oshodi da Mile 12 cikin zafin rana, ban sake jin warin nan ba. Ya ce kafin in kama hanyar Ibadan da Ilorin zuwa gida in kawo ta ya sake auna fedal ɗin, kuma in sha Allahu zan kai.